Kafin Mu Kama Hanyar Agadas

Har yau ban san dalilin da ya sa Kawu ya zaɓe ni ba, alhali a gidan akwai yayye da suka fi ni tsawo, suka fi ni ƙarfin ɗaukar jarka, har da wanda ya fara koyon tuƙi a ɓoye. Mai yiwuwa don ba ni da surutu ne a lokacin. Mai yiwuwa kuma ya lura duk ranar da aka buɗe bonet ina nan a gefe, na yi ɗage ina leƙe, ba wanda ya kira ni. Ko ma dai mene ne, da zarar hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, aka soma jin sunan Agadas yana yawo tsakanin zaure da ɗakin Inna, na san aikina ya zo.

Motar Mercedes ce, 240D, mai ruwan ƙasa-ƙasa, amma a unguwarmu ba wanda ya san ta da wani suna sai Marsandin Alhaji. Ta ci ƙuruciyarta a Turai, ta sauka a Kwatano da tsufanta, wajen ƙarshen shekarun 1980 ta shigo hannun Kawu. Gas take sha. Maƙwabta masu Peugeot 504 haɗin Kaduna sukan yi masa tsiya, su ce ya sayo injin niƙa ya sa masa taya, don ba ta da gudu, in ta zo hawa sai an lallaɓa ta da giya ta biyu. Kawu ba ya musu. Sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ku yi gaba, ma tarar da ku a gidan mai."

Da asuba zai murɗa makulli rabi, wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, shi kuwa ya ɗora hannuwa a cinya ya jira, hita tana gasa cikin injin. A sanyin Janairu jiran yakan yi tsawo, har ya karanta addu'ar hawa ya shafa fitilar ba ta mutu ba. In ta mutu ya ƙarasa murɗawa, motar ta yi tari, ta girgiza tun daga bamba har but, sannan ta kama kaf-kaf-kaf, kajin lungu su watse, hayaƙi mai kama maƙogwaro ya cika ƙofar gida. Aikina na farko a duniya ke nan, in tsaya bayan salansa in faɗi launin hayaƙi. Fari na ɗan lokaci da sanyin safiya ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa, a tuhumi nozul ko ruwa. Baƙi, numfashi ya yi mata kaɗan, ƙura ta toshe filtar iska. Shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai take ƙonawa, wannan Kawu ba ya son ji ko da wasa. Nakan ɗaga murya, "Fari ne, Kawu, yana raguwa!" Ya fito da hannu ta taga.

Tun kafin Inna ta fara maganar guzuri mun riga mun tare a gindin wata darbejiya can wajen Ƙofar Ruwa, wurin bakaniken Kawu, inda ƙasa ta sha baƙin mai shekara da shekaru har ta daskare ta yi ƙyalli, in ka taka da silifa sai ta riƙe shi. Dattijo ne, da tsumma a kafaɗa da goro a kunci, ba ya gaggawa. Kawu na ce masa Malam, shi yana ce wa Kawu Alhaji, ni kuwa duk su biyun yaro suke ce mini. Kafin ya taɓa sifana sai ya sa an tada motar, ya ɗauki doguwar sukundireba ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Mu yi tsit. Can ya buɗe ido ya ce bawul na son saiti, amma sai injin ya huce, a bar ta ta kwana. Mu hau bas mu koma gida.

Washegari a yi juye. A kwance ƙusar ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye cikin tsohuwar kwalla, baƙi ƙirin, don injin gas ba ya barin mai ya daɗe da haskensa. Filtar gas biyu ce a motar, babba ta ƙarfe da ake murɗawa, da wata 'yar ƙarama garai-garai wadda ake ganin cikinta, tsawonta bai wuce yatsa ba. Wannan ƙaramar ita ce ƙawata. Kawu yakan sayi da yawa ya zuba a gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin kujera, kuma ni kaɗai na san wurin.

Nozul huɗun a zare su, a naɗe a tsohuwar jarida, a ba ni riƙo in bi Malam zuwa wani ɗan shago mai duhu inda ake gwada su. Mai shagon ya ɗaura kowanne a bakin famfon hannu mai agogo, ya danna. Mai lafiya yakan yi ƙirrr, ya fesa lallausan hazo ya rataye a hasken bakin ƙofa, warinsa ya zauna maka a riga har dare. Wanda ya gaji sai ya yi tsartuwa, ko ya riƙa ɗiga. Mutumin yakan ture ni baya da gwiwar hannu, ya ce feshin nan huda fata yake yi. A shagon nan na gane abin da ya sa Kawu yake wahalar da mu a kan mai. Motar ba ta da fulogi. Iska take matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa gas ta 'yar ƙofar da da ƙyar ido ke gani, ya kama da kansa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata wurin, ɗigon ruwa ma haka. Kuma gas ɗin da kansa ne ke ba ƙarafan cikin famfon injekta santsi, saboda haka in aka tsinka shi da kananzir sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a hankali, mai mota bai sani ba, sai ranar da yake tsakiyar daji.

Sauran ba su da wuya. Sabon fambel a sa, tsohon a ajiye, a matsa tiyon lagireto a ji ko ya yi laushi, a ƙara ruwan batir da man birki, a bi ko'ina da giris. Safaya biyu, faci da gam, famfon hannu, waya, igiya, shebur, da robar tsohon tif da aka yanka siri-siri, wadda ban taɓa ganin abin da ba ta ɗaure ba. Akwai kuma wani ɗan jan ƙarfe a jikin injin da Malam ya nuna mini, ya ce in riƙe wurin a kaina. Motar tana da wata ɗabi'a, in ɗan siririn tiyon da ke kashe ta ya yi yoyo, ko an zare makulli ba za ta mutu ba, sai ta ci gaba da kaf-kaf abinta, makullin na aljihun Kawu. Sai an buɗe bonet an danna jan ƙarfen nan. Ranar da ta fara yi mana haka a ƙofar masallaci, na danna ta yi shiru, dattawa suna kallo, ban san wanda ya kai ni girma a Kano ba.

Sannan a zo kan gas.

Kawu yakan zauna a dakali da guntun fensir ya yi lissafi a bayan ambulan. Kano zuwa Damagaram kusan kilomita 240, Damagaram zuwa Agadas kusan 450. Tankin motar lita 65 yake ci. A kwalta takan sha lita 9 ko 10 a kilomita 100, amma da kaya a but, da yashi a gaba, da ɓatan hanya in Allah ya ƙaddara, ya ce wawa ne kawai zai amince da wannan lissafi. Sai a fito da jarkokin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, korayen nan masu lita 20 da murfin maƙalawa, a kurkure su da gas, ba a yarda ruwa ya kusance su ba, a haska cikinsu da tocila a ga ko tsatsa ta kama.

Gidajen mai kam ga su nan, Agip da Mobil da Total da Texaco da AP, kowanne da allonsa da launinsa, amma Kawu ba ya duban allo. Waɗanda ke kan layi yake duba. Inda manyan motoci da tireloli ke sha, can muke zuwa, don a irin wurin gas ba ya daɗewa a rami. Gidan da famfon gas ɗinsa ya yi ƙura, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasansa, sai mu wuce ko da babu layi. In kuwa muka tarar da tanka ta taso daga defon Hotoro tana saukewa, mutane na murna suna ruguwa, Kawu juya kan mota yake yi. Ya ce yanzu aka tada duk lakar da ta kwanta a gindin ramin, a bar ta ta koma tukuna. Akwai wani manaja da suka saba, shi yakan bar Kawu ya ga awon safe, a goga wani ɗan man shafawa a ƙarshen doguwar sandar awo a zura ta rami, in akwai ruwa a ƙasa launinsa ya sauya. Kawu ya duba, ya gyaɗa kai, ya ba shi goro. Duk da haka sai an yi gwajin kwalba.

Farar kwalbar lemo ce, an wanke ta an shanya, tana zaune a aljihun ƙofa naɗe da adiko. Na farkon da ya fito daga famfo a cikinta yake sauka. Kawu ya ɗaga ta sama ta fuskanci rana, ya karkata kai. Mai kyau garau yake, ruwan ɗorawa mai haske, kana hango yatsunka ta ɗaya gefen. In ya yi dishi-dishi, da magana. Sai ya ajiye ta a kan bonet ya kama hira da yaron famfo, yana tambayarsa mutanen gida, ni kuwa idona a gindin kwalba, don ruwa ya fi gas nauyi, in yana ciki zai sauka ya taru ƙwal-ƙwal a ƙasa. Bayan nan ya tsoma yatsa ya murza da babban yatsa, a hankali, yana kallon wani wuri daban. Ya miƙo mini.

"Faɗa mini, ɗan nan."

Gas na gari yana da maiƙo, yatsu su riƙa zamewa, ya daɗe bai bar fata ba, warinsa mai nauyi ne, zama yake yi a hanci. In an sa masa kananzir santsin yakan ragu, ka ji yatsun suna ɗan kama juna, kuma can ƙarƙashin warin sai ka jiyo fitilar ƙwai ta ɗakin Inna. In fetur ne ya shiga, yanka hanci yake yi, yatsa ya yi sanyi ya fara bushewa nan da nan. Nakan murza, in shinshina, in ɗaure fuska yadda na ga yana yi, in ce, "Lafiya lau ne, Kawu." Ko kuma in yi shiru in girgiza kai kaɗan, yadda yaron famfo ba zai gani ba.

Wane ne wannan yaron? Ina tambayar kaina. Rigarsa 'yar shara ce, ƙafarsa fururu da kaushin hunturu, bai iya rubuta wasiƙa ba, amma dattijo mai gemu yana jiran hukuncin yatsunsa kafin ya buɗe alabe. Kai da yanzu kake zaune a mota gilashi a rufe, ana zuba maka abin da aka ga dama kana duban waya, da hancin nan aka haife ka. Kwanaki na murza gas ɗin janareton ofis a yatsa, don in gani. Wari kawai na ji.

Akwai shekarun da famfo ke bushewa, layi ya yi kwana da kwanaki, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan a jere a kan benci, da mazurari da guntun tiyo. Kawu bai taɓa zaginsu ba, ya ce su ma abinci suke nema, kuma a cikinsu akwai masu amana da yake saye a hannunsu ido rufe. Amma kwalba ba ta san sabo ba. Na tuna wani saurayi da ya rantse da abin da zai kashe shi cewa daga tanka ya sauke da hannunsa. Kawu ya murza, ya miƙo mini, na murza, muka haɗa ido. Bai ce masa ka yi algus ba. Ya mayar masa da abin da ke kwalbar har ɗigon ƙarshe, ya ce, "Allah ya kawo kasuwa, samari," ya ba shi sulalla na ɓata lokaci. Sai da muka yi nisa ya ce rabinsa na fitila ne.

Abin da aka sayo ba ya shiga tanki a ranar. Jarkoki su kwana a zaure a tsaye, ba mai taɓa su, duk abin da ke ciki ya kwanta. Daren da za a tashi, bayan lisha, a shimfiɗa buhu a ƙofar gida, a kawo babban mazurarin gwangwani, Kawu ya shiga ɗaki ya fito da darar. Tsohuwar jar dara ce ta mahaifinsa, tuntun ya daɗe da tsinkewa, jan ya koma baƙi-baƙi don shan gas, tana da leda tata ta musamman saboda Inna ta hana a haɗa ta da kowane kaya. A kifa ta a cikin mazurari, bakinta sama. Ni ke riƙe da mazurari da tocila, tocilar a haƙora in hannu ya gaji, shi yana karkata jarka sannu-sannu, gas na taruwa a cikin hular yana tsatsowa ta ƙasa, lul-lul-lul, ga sanyi na ratsa riga, ga rediyon mai shayi can nesa. Ba ya zubawa har ƙarshe. Ɗan abin da ya rage a gindin jarka na wankin sifana ne. In an gama ya juya darar a hasken tocila ya nuna mini abin da ta kama, ɓarɓashin tsatsa, 'yan ƙwayoyin yashi, wani lokaci har zaren buhu. Ba ya cewa komai. Sai an cika tanki maƙil a daren, don tankin da ya kwana da sarari a sanyi gumi yake yi ta ciki, gumin kuwa ruwa ne.

Yanzu in na duba, ina ganin wani abin Kawu ya wuce da shi, don filtar motar biyu za su iya kama yawancin abin da darar ke kamawa. Amma filta kuɗi ce, dara kuwa gado.

Inna tana can ciki da nata shirin, dambun nama a langa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo, goron da za a kai a huhunsa ana yayyafa masa ruwa, atamfofi a ɗaure. Salka a cika ta a rataye a jikin mota ta waje, iskar hanya ta riƙa bugunta, ruwan ya yi sanyi da ɗanɗanon fata.

Hanyar kanta ba ta zauna mini a kai yadda shirin ya zauna ba. Kazaure, Daura, Kongolam, masu kaki suna ƙwanƙwasa jarkoki suna tambaya, Kawu na fito da takardu daga gafaka yana bayani da murmushi har a ɗaga sanda. Matamaye, Takeita, sai Damagaram da duwatsunta, mu kwana a zongo. Can ma ga mai a kwalabe a bakin hanya, gazuwal suke cewa, akasarinsa daga wajenmu ya tsallako. Kawu yakan ƙara a gidan mai na cikin gari bayan kwalba ta yi aikinta, don daga nan sai Tanut, daga Tanut kuwa sai abin da ka ɗauko. Matatar man da ke gefen wannan hanya a yau, arewa da Damagaram, sai a 2011 aka buɗe ta. Mu fili muka sani a wurin, da gero da aka girbe, da raƙuma.

Wani wuri bayan Tanut kwalta takan sallame mu. Daga nan motar ta shiga rawa a kan gargada, haƙora na haɗuwa, ƙura na shigowa ta inda ba ka zata ba, duk dattin da ya shekara a gindin tanki ya tashi. A nan ƙawata take nuna amfaninta. Kawu zai ji motar ta fara ja da baya in ya taka, ya gangara gindin ƙaya ya tsaya, in buɗe bonet in leƙa, in ga 'yar filtar ta yi duhu. In zaro sabuwa daga gwangwani, ya kwance ya ɗaura. To iska ta shiga ke nan, injin gas kuwa ba ya tafiya da iska a jijiyarsa, shi ya sa Kawu bai taɓa barin allurar tanki ta sauka ƙasa da kwata ba. Akwai ɗan famfon hannu a jikin injekta, mai farin kai, a warware shi a yi ta dannawa. Hannuna ne ya fi shiga wurin. In yi ta bugawa, ƙarfe na ƙona mini damtse, gas na bin gwiwar hannu, kumfa na wucewa ta cikin filtar, har in ji ya yi tauri. Wani Buzu ya taɓa tsayawa a kan raƙuminsa yana kallonmu tun daga farko har ƙarshe, da motar ta tashi ya ce sannunku da aiki, ya kaɗa akala.

A Adarbisanat mu juye jarka, da dara da komai, iska na neman ƙwace mazurari, Kawu ya kare da babbar rigarsa. Daga nan sai hasumiyar masallacin Agadas ta ɓullo daga nesa da itatuwanta a tsire, mu shiga gari fururu, gira da gashin ido duk sun yi fari.

Aminin Kawu ya fito da gudu ba takalmi, a rungume juna, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi a kan gawayi, a kawo dabino da cuku. Ba a gama gaisuwa ba, ba a ko tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya ba, Kawu zai sunkuya ya ce, "Wai manyan motocin da ke zuwa Arlit, a ina suke shan gas yanzu?" Mai gida ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ka bari ka wanke ƙafa mana." Ya faɗa masa wurin dai. Da hantsi muka je, ni da kwalba a hammata, aka cika jarka biyu muka kawo su zauren mai gida suka fara kwanansu, sauran Kawu ya ce sai ana gobe za mu juya.